Gwiwar Ƙarfe da Na'urar Auna Taku: Me Take Gani Bayan Tiyata?

Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa tiyatar sauya gwiwa ba ya gamsuwa da sakamakon aikin. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na Kanada, aka wallafa a 2010, ya bibiyi mutum sama da 1,700 shekara guda bayan tiyata, kashi 19 cikin ɗari suka ce ba su gamsu ba. Abin ɗaure kai shi ne da yawa daga cikin irin waɗannan mutane idan an ɗauki hoton ƙashinsu ba a ganin aibu. Ƙarfe ya zauna daram, ciwo ya warke, likita ya yi aikinsa yadda ya kamata, amma mai ƙafa yana cewa ƙafar ba ta dawo tasa ba. A wannan giɓi, tsakanin abin da hoto ya nuna da abin da mai jiki yake ji, ƙananan na'urorin auna motsi da ake ɗaurawa a jiki suka samu ƙofar shiga.

Aikin kansa ba sabo ba ne. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwa har ƙashi ya fara gugar ƙashi, likita yakan share saman ƙashin cinya da na ƙwauri, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Samfurin da yawancin gwiwoyin yau suka samo asali daga gare shi an ƙera shi ne a wani asibitin ƙashi na birnin New York a 1974, da hannun John Insall da abokan aikinsa. Ƙarfen yana da ƙarko: nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka dasa suna kai shekara 25. Masu buƙata kuma ba su da iyaka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 365 ne ke da amosanin gwiwa a 2019. Maganar ƙarko an ci ƙarfinta. Maganar tafiya ce ta rage.

Hanyar da aka fi bi wajen sanin halin da majiyyaci yake ciki ita ce a tambaye shi. Akwai takardar tambayoyi goma sha biyu ta Oxford da aka fitar a 1998, wadda asibitocin gwamnati a Ingila suke tattara amsoshinta tun 2009: yaya zafin yake, kana iya sauka daga bene, kana iya zuwa cefane da kanka. Tana da araha, tana da amfani, amma tana da wani rauni da aka daɗe da ganowa. Mutumin da ya shekara goma ciwo yana hana shi barci, ranar da ciwon ya lafa komai na duniya daidai yake gani. Ryan Mizner da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa wata guda bayan tiyata majiyyata kan ce sun samu sauƙi ko suna nan yadda suke, alhali idan aka gwada su da agogo, hawa bene da tafiya sun fi ba su wuya fiye da kafin aikin. Dalilin a fili yake. A wannan lokaci naman gaban cinya, wanda shi ke riƙe gwiwa kada ta lanƙwashe, yakan rasa kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mu kuwa a nan akwai ƙarin tarnaƙi: dattijuwar da likita ya tambaya "Hajiya, yaya ƙafar?" amsarta "Da sauƙi, alhamdu lillahi" ce, ko da ɗaukar ta aka yi aka shigo da ita. Ladabi ne da tawakkali, ba ƙarya ba, amma ba a gina magani a kansa.

Sai gwajin asibiti. A sa mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. An tsara wannan gwaji tun 1991. Ko a auna nisan da zai ci cikin minti shida. Ko mai gashin ƙashi ya ɗora ma'aunin kusurwa na roba a gefen gwiwa ya ga digiri nawa take lanƙwasawa. Duk suna da kyau, sai dai kowanne hoton minti kaɗan ne, a daɓe mai laushi, a gaban mai farar riga, kuma ba wanda ba ya ƙoƙarin gyara tafiyarsa idan ana kallonsa. A can ƙololuwa akwai ɗakin nazarin tafiya, mai kyamarori kewaye da bango irin na kamfanin Vicon, da 'yan ƙwallaye masu ƙyalli da ake manna wa fata, da faranti a ƙasa mai auna nauyin taku. Shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Amma tsadarsa ta sa ko a Turai ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma bayan shirin da ke cin lokaci mai tsawo, taku kaɗan ake samu.

Na'urar da ake magana a kanta ba ta kai girman kwalin ashana ba, kuma irin kayan cikinta suna cikin wayar da ke hannun mai karatu. Abu uku ne. Na farko ma'aunin fizga, mai jin duk wani ƙarin gudu ko raguwarsa ta fuska uku. Shi ne kuma yake jin jan ƙasa, saboda haka idan jiki ya tsaya cak ya san ina ne ƙasa. Na biyu ma'aunin juyawa, mai faɗin digiri nawa abu ke juyawa cikin sakan guda. Na uku ma'aunin maganaɗisu, wato kamfas, mai nuna arewa. Sukan ɗauki awo kamar sau ɗari a sakan. A ɗaura ɗaya a cinya ɗaya a ƙwauri, bambancin karkatar da ke tsakaninsu shi ne lanƙwasar gwiwa. A ɗaura a takalmi a san lokacin da diddige ya taɓa ƙasa da lokacin da yatsu suka bar ta. A manna ɗaya tak a gadon baya wajen ƙugu a samu yawan taku, saurinsa da daidaituwarsa.

A faɗe da sauƙi. A aikace akwai wata matsala da injiniyoyi suka kwashe shekaru suna fama da ita. Ma'aunin juyawa bai san kusurwa ba, saurin juyawa kawai ya sani, sai an riƙa tara ƙananan awo ɗaya bisa ɗaya kafin a samu kusurwar. Duk ɗan kuskuren da ke cikin kowane awo shi ma taruwa yake yi. Kamar mai awon hatsi ne da mudunsa ya gaza da 'yan ƙwayoyi: a mudu ɗaya ba mai lura, a mudu dubu an yi asarar abin kirki. A ɗauka na'ura tana kuskuren kashi ɗaya cikin goma na digiri a kowane sakan. Cikin minti guda ta kauce da digiri 6, cikin minti goma da digiri 60, wato ta ce gwiwa a lanƙwashe take alhali mutum yana tsaye ƙyam. Auna tsawon taku ya fi haka muni, domin sau biyu ake tarawa, daga fizga zuwa gudu, daga gudu zuwa nisa.

Maganin shi ne a sa ma'aunan su riƙa gyara wa juna. Ma'aunin juyawa gwani ne a gajeren lokaci, ma'aunin fizga kuma ba ya ɓata a dogon lokaci tunda jan ƙasa ba ya canzawa, sai a haɗa su da lissafi irin wanda Rudolf Kalman ya fitar a 1960, ko mai sauƙin nauyi da Sebastian Madgwick ya tsara a Jami'ar Bristol wajen 2010. Akwai kuma wata dabara da ta burge ni saboda sauƙinta: a kowane taku akwai ɗan lokacin da tafin ƙafa ke kwance a ƙasa ba ya motsi. Na'urar takalmi tana gane wannan lokaci, ta ce gudu yanzu sifili ne, ta share kuskuren da ya taru ta sake farawa. Kamfas ne ya fi ba da ciwon kai. Rodin da ke cikin kankare, gadon asibiti, keken dogarawa na ƙarfe, duk suna karkatar da shi, shi ya sa masu bincike da dama suka yar da shi gaba ɗaya. Thomas Seel da abokan aikinsa a Balin sun nuna a 2014 cewa idan aka ɗauki gwiwa a matsayin gaɓa mai buɗewa da rufewa ta fuska ɗaya, ana iya lissafa lanƙwasarta ba tare da kamfas ba, da kuskuren da bai wuce digiri 3 ko kusa da haka ba.

A wannan gwaji nasu akwai wani abin lura. Mutumin da suka auna yana da ƙafar roba a ɓangare guda, kuma a ƙafar robar kuskuren bai kai digiri ɗaya ba. Bambancin daga nama yake. Ƙashi ake son aunawa, amma a kan fata ake ɗaura na'ura, fata kuma tana zamewa, tsoka tana kumbura tana saki, kitse yana rawa a kowane taku. Waɗanda ake yi wa wannan tiyata galibi masu jiki ne, ƙafar kuma a kumbure take makonnin farko, madauri yau ya matse gobe ya saki. Idan majiyyaci da kansa zai riƙa ɗaurawa kowace safiya, yau ta karkata dama gobe hagu. Saboda haka a ganina a yarda da awon lanƙwasawa da miƙewa, wanda motsi ne babba, amma a yi taka-tsantsan da duk na'urar da ta ce tana auna karkatar gwiwa gefe ko murɗewarta. Waɗannan motsi 'yan digiri kaɗan ne, girmansu ɗaya da girman kuskuren.

To me ake nema a cikin tafiyar? Lafiyayyen mutum ƙafarsa tana ƙasa kashi 60 cikin ɗari na zagayen taku, tana sama kashi 40. Da diddige ya sauka gwiwa takan ɗan lanƙwashe digiri 15 zuwa 20 don ta shanye nauyi, idan ƙafa ta tashi kuma ta kai wajen digiri 60 don yatsu su tsallake ƙasa. Wanda aka yi wa tiyata sau da yawa wannan ɗan lanƙwashewa na farko ne yake rasawa. Yana sauke ƙafa a sandare, saboda bai amince cinyarsa za ta riƙe shi ba, ko kuma saboda sabo, tunda shekarun ciwo sun koya masa haka. Takunsa gajere ne, yana gaggawar ɗauke nauyi daga ƙafar da aka yi wa aiki. Ido yana ganin ɗingishi idan ya yi yawa, amma ƙaramin bambanci yakan wuce shi, kuma ƙaramin ba abin rainawa ba ne. Masu bincike a asibitin Charité na Balin, da suka dasa wa wasu majiyyata gwiwoyi masu auna nauyi daga ciki, sun samu cewa tafiya a fili tana ɗora wa gwiwa kimanin ninki biyu da rabi na nauyin jiki, saukowa daga bene kuma kusan ninki uku da rabi. Mai kilo 80 ke nan gwiwarsa tana ɗaukar wajen kilo 200 a kowane taku. Duk abin da aka rage wa ƙafa ɗaya ɗayar ce za ta ɗauka, ita kuma sau da yawa amosanin ya riga ya fara cin ta.

Abin da na'urorin suka fi tona wa asiri shi ne zaman gida. Kowa ya ɗauka idan ciwo ya tafi mutum zai tashi ya kama zirga-zirga. Wani bincike a Ostireliya da aka wallafa a 2014 ya ɗaura wa majiyyata ma'aunin motsi kafin tiyata da wata shida bayanta. Sun ce zafi ya ragu, sun ce suna iya yin abubuwa da yawa, amma yawan motsinsu na yini bai canza ba. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun samu kusan haka, ƙarin da ake gani ɗan kaɗan ne, kuma sai an doshi shekara. Iyawa daban, yi daban. Tambaya ba za ta taɓa fito da wannan ba, gwajin asibiti ma haka, domin dukansu iyawa suke aunawa. Saurin tafiya kuwa ba ƙaramin awo ba ne: nazarin da Stephanie Studenski ta jagoranta a 2011, kan tsofaffi sama da 34,000, ya nuna yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawon rai.

Sai dai akwai wani abin takaici. Lissafin da ke gane taku a yawancin agogunan hannu da wayoyi an gina shi ne kan tafiyar masu lafiya, masu sauke diddige da ƙarfi suna kaɗa hannu. Wanda ya yi mako biyu da tiyata yana jan ƙafa a hankali, hannayensa biyu riƙe da keken dogarawa, agogon hannu ba ya jin motsin kirki, sai ya zubar da taku masu yawa. Tafiyar cikin gida ma gajeru ce, daga ɗaki zuwa banɗaki, da juye-juye da tsaye-tsaye. Wato lokacin da aka fi buƙatar na'urar shi ne lokacin da ta fi yin kuskure. Sannan ranar da mutum ya ajiye keken ya koma sanda, adadin takunsa zai yi tsalle, likita ya yi murna, alhali hannu ne ya samu 'yanci. Babban shirin Tarayyar Turai mai suna Mobilise-D, da aka fara a 2019 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle, don irin wannan matsala aka kafa shi, a tantance lissafin a kan marasa lafiya na ainihi cikin gidajensu, ko da yake cututtukan da ya sa a gaba wasu ne, irin su karayar ƙugu da ciwon karkarwa.

Kamfanoni ba su jira ba. A 2018 Zimmer Biomet, kamfanin da ke ƙera gwiwoyin ƙarfe, ya haɗa kai da Apple suka fitar da manhajar mymobility mai aiki da agogon hannu. Daga 2020 wayar iPhone da kanta tana ƙiyasta saurin tafiya, tsawon taku da rashin daidaiton ƙafafu. A watan Agustan 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Persona IQ, gwiwar da aka sa wa na'urar a cikin ƙarfen da ke shiga ƙashin ƙwauri, da batirin da aka ce zai kai shekara goma, tana aika bayanai ta wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗakin kwana. Wannan ta kashe matsalar nama da ta mantawa da ɗaura na'ura. Amma na'ura ɗaya ce a ƙashi ɗaya, motsin ƙwauri take ji, ba ta san abin da cinya ke yi ba, don haka lanƙwasar gwiwa ƙiyasi ne. Ga ƙarin kuɗi, ga tambayar wa ke da mallakar bayanan da ke fita daga cikin ƙashin mutum ba dare ba rana.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko duk wannan awo yana sa a fi warkewa. Abin da gwaje-gwaje suka fi nunawa shi ne bibiya daga nesa ba ta gaza zuwa asibiti ba, kuma tana rage yawan zuwa wurin gashi. Gwajin mymobility da aka wallafa a 2021 haka ya nuna, kuma kamfanin Zimmer Biomet ne ya ɗauki nauyinsa. "Ba ta gaza ba" riba ce ga mai biyan kuɗi da mai nisan gida, amma ba daidai take da "ta fi" ba. Inda nake ganin amfaninta ƙarara shi ne sandarewar gwiwa. Idan bayan mako shida gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, tabon ciki yana ƙara tauri, likita kan sa wa mutum maganin barci ya lanƙwasa ta da hannu, kuma wannan ya fi yin nasara kafin a wuce mako goma sha biyu. Wa'adi ne ƙayyadadde. Na'urar da ke nuna awo ya tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki tana iya sa a kira mutum da wuri. A nan kuskuren digiri 3 ba ya hana komai, tunda alkiblar da layin ya dosa ake kallo. Amma sai an samu mai kallon. Raguwar taku na iya zama ƙwayar cuta ta shiga gwiwa, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ruwan sama, ko azumi, ko caji ne ya ƙare. Ma'aikacin da ƙararrawa ta yi masa ƙarya sau goma ba zai tashi a ta sha ɗaya ba.

A ƙasar Hausa nisa shi ne babbar hujjar wannan fasaha. Ana yin aikin a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu, masu hali kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Bayan 'yan makonni mutum ya koma Gusau ko Maraɗi ko Damagaram, likitan da ya yi aikin yana wata duniya, mai gashin ƙashi mafi kusa kuma sai an yi doguwar tafiyar mota. Waya a aljihu za ta iya cike wani ɓangare na wannan giɓi, in da aljihun. Awon waya yana so ta zauna kusa da ƙugu. Kashi 60 cikin ɗari na masu amosanin gaɓɓai mata ne, zani ba shi da aljihu, wayar Hajiya tana jaka ko tana hannun jika. Aljihun babbar riga lilo yake yi, tafiya a rairayi kuma tana dusashe saukar diddigen da lissafin ke nema. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, abin da ya kamata duk asibitin da zai aika su rumbun wani kamfani a ƙetare ya tuna.

Akwai kuma tambayar mene ne warkewa. Tafiya tana buƙatar digiri 60, hawa bene da tashi daga kujera wajen 90 zuwa 100, kuma yawancin gwiwoyin da aka dasa suna tsayawa tsakanin 110 da 125. Ga wanda rayuwarsa ta kujera ce da gado, an gama. Zaman tahiya da tsugunno kuwa suna neman wajen digiri 150. Ko a takardar Oxford, tambayar durƙuso ce majiyyata suka fi faɗuwa a kanta. An ƙera gwiwoyi na musamman don lanƙwasa mai zurfi, amma gwaje-gwaje ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba, kuma abin da ya fi hasashen lanƙwasar bayan tiyata shi ne lanƙwasar da mutum ya zo da ita kafin tiyata. Sai ka ga allon likita ya cika da kore, taku dubu biyar a rana, ƙafafu sun daidaita, amma Alhaji yana salla a kan kujera a ƙarshen sahu, kuma don ya bar kujerar nan ya sayar da gona ya biya kuɗin aiki. Shi yana cikin ɗaya-cikin-biyar ɗin nan, na'urar ƙirga taku ba za ta taɓa sani ba.

Na'ura biyu, cinya da ƙwauri, za su iya auna wannan, in an tambaye su. Hasali ma mai bincike zai yi wuya ya samu gwaji mai tsari kamar salla: motsi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, raka'a goma sha bakwai a farilla kowace rana, da tsayuwa cak a farkon kowace raka'a wadda lissafi zai yi amfani da ita ya share kuskurensa. Daga nan za a ga digiri nawa gwiwa ta kai a sujada, sakan nawa tashi yake ɗauka, da wace ƙafa mutum yake dogara idan zai miƙe. Lokacin da ya dace a fara durƙusawa kan sabuwar gwiwa, da ko ya dace ma a yi zaman tahiya a kanta, wannan hukuncin likitan da ya yi aikin ne, domin ya danganta da irin ƙarfen da aka sa da yadda ciwon ya haɗe.